Muryar Agogon Baba

Zuwa ga ƙanwata, autar Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, gwargwadon ganyen bishiyar da ke ƙofar gidanmu, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Inna, da keken ɗinkin nan naki wanda ba ya gajiya kamar mai shi. Matata da yara suna gaishe ku. Na san za ki ce me ya hana ni buga waya. Amsata tana nan yadda kika san ta: waya tana ɗaukar labari, amma baiti in ya bi ta cikinta da ɗingishi yake fitowa.

Ga agogon Baba nan na ba maƙwabcinki direba ya kawo miki, a naɗe cikin auduga. Kin tuna ranar da zan taho na sauko da shi daga ƙusar da ke saman gadon Inna, inda yake rataye tun rasuwar Baba, kika ce in tafi da shi in sa masa sabon batir domin lambobinsa sun fara dusashewa. Batir kawai kika ce, ban manta ba. Amma kin san yayanki. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran rubutun jama'a a maɗaba'a ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce shi. Kin kuma san yadda a 'yan shekarun nan na kamu da son waɗannan agogunan roba masu araha, ina buɗe su a kan teburina ina sauya musu kama, har matata tana kiran ɗakin asibitin agoguna.

To ga abin da na yi. Na kwance 'yan sukurorin baya, na fito da cikinsa, na wanke gidan da tsohon buroshi har dattin masaƙar da Baba ya yi wa aiki ya fita daga lungunansa. Gilashin da ya sha karce na goge shi da man goge baki sai da ya koma kamar ruwan rijiya. Sannan babban aikin: akwai wata siririyar leda manne a kan fuskar lambobin, wadda idan aka ɓamɓare ta da reza aka juya ta a gicciye, farar fuska takan koma baƙa wuluk, lambobin su fito fari tas. Auta, da kin ga lokacin da na juya ta! Kamar na kife rana na buɗe sararin taurari. Koriyar fitilarsa mai kama da idon kyanwa marar lafiya na cire ta, na sa mai ruwan zuma. Tsohon maɗaurin nan da ya tsage, wanda Inna ta ɗinke da baƙin zare, na sallame shi, na ɗaura na fata.

Saura abu ɗaya: ina so in zana baiti a murfin bayansa, amma ban gama tace shi ba. Ga ɗanɗano:

Ɗan ƙaramin agogo, abokin tafiyar Baba,
Tsufa ya ci fuskarka, na ce ban yarda ba,
Na ranta maka dare, na yi maka ado da haiba,
Koma gida ka haska, Inna ta ɗaga ido ta duba.

Ki miƙa mata shi da hannunki, ki rubuto mini abin da ta ce, kalma da kalma. Ki durƙusa ki gaishe mini da ita.

Naki har kullum,
Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, a gaida Anti da yara. Ni lafiya. Inna ce ba lafiya.

Agogo ya iso. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Har wata mai kawo ɗinki ta tambaye ni inda ake sayar da irinsa. Ka ce kalma da kalma, to ga su. Inna ta juya shi gaba da baya, ta miƙo mini, ta ce, "Wani baƙo ya manta agogonsa. Ki ajiye masa."

Wannan ba shi ne damuwata ba. Yaya, agogon ba ya kuka.

Ka tuna Baba ya sa masa ƙararrawa tun yana masaƙa, ta lokacin tashi daga aiki, kuma bayan ya yi ritaya bai taɓa kashe ta ba. Kullum da yamma in ta yi kuka sai ya dubi Inna ya ce, "Shugaba, an tashi aiki," Inna ta kawo abinci su ci tare. Bayan rasuwarsa ƙararrawar ta ci gaba da kukanta a kan ƙusa. Ni ina shago a ɗakin gaba, keke yana ƙara, na daina jin ta kamar yadda mutum ke daina jin ƙarar firij. Abin da na sani kawai shi ne da yamma Inna takan tashi da kanta, ta wanke hannu, ta jera kofi biyu, ta ci abin da na rufe mata, ta sha magani. Ka san yadda mantuwarta ta yi nisa. Sunana ma wani lokaci sai ta lalubo shi. Amma wannan bai taɓa kuɓuce mata ba, har ina yi wa likita alfahari da shi.

Tun da ka tafi da agogon ta daina. Na ɗauka zafi ne, na ɗauka haƙori ne. In na kai mata abinci sai ta ture ta ce, "Bai kira ba tukuna." Na ce to, in agogo ya dawo komai zai koma daidai. Na rataye shi, na bar keke na zauna ina jira har rana ta faɗi. Shiru. Na danna duk madannan da ke jikinsa. Fitila dai tana kamawa, mai ruwan zuma, madalla.

Shekaranjiya ta fita ban sani ba. Mai kantin kwanar layinmu ne ya riƙo hannunta ya dawo da ita, wai ta ce masa za ta tari mota, mai gidanta ya yi latti. Shayi kawai take kurɓa, shi ma da lallashi. Likita ya ce in ta ci gaba a haka sai an kwantar da ita an sa mata ruwa, kuma ka san yadda take firgita da asibiti.

Na mayar maka da shi ta hannun direba. Ban san abin da ka taɓa ba. Ka mayar masa da bakinsa.

Auta

*

Zuwa ga ƙanwata mai haƙuri,

Aminci ya tabbata a gare ki, da sauƙi ga mahaifiyarmu. Takardarki ta same ni a bakin ƙofa ina shirin fita aiki, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Maɗaba'a ba ta gan ni ba ran nan.

Na gano inda ɓarnar take. A cikin agogon akwai wani ɗan sifirin, wato 'yar murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe, bai kai gashin ido kauri ba, yana tsaye a wani ɗan rami, kansa yana taɓa murfin baya. Ta nan murya take fita. Duk wanda ya saba buɗe irin waɗannan agogunan ya san da shi, ni ma na sani. Amma ran nan hankalina yana kan fuskar da nake ƙawatawa, na kife agogon a tafin hannuna, ɗan sifirin ya yi tsalle ya tafi abinsa ban gani ba. Da na rufe, na gwada fitila, na gwada lambobi, na tsaya ina sha'awar aikina. Ƙararrawa kuwa ban gwada ba, domin nawa agogunan duk kashe musu ita nake yi, tana katse mini tunani.

Na ƙawata fuska, na zubar da murya,
Ashe duk adon da na yi ado ne na ƙarya.

Na rarrafa ɗakin da maganaɗisu a hannu, na zazzage tabarma, na tankaɗe shara da rariyar matata, abin da har yanzu ba ta yafe mini ba. Na samu allurai da 'yan sukurorin da suka ɓace mini tun bara, ban da shi. Daga ƙarshe na ɗauko wani agogo irinsa daga cikin nawa, wanda na fi so, na zare masa nasa sifirin da hantsaki na dasa wa na Baba. Ya yi kuka, Auta. Da na ji shi sai ga ni yaro a tsakar gida, Baba yana kakkaɓe auduga daga hularsa.

Ledar fuskar na juya ta ta koma yadda take. Tsohon maɗaurin kuwa, Allah ya saka wa matata da alheri: ashe da na jefa shi kwandon shara ta tsince shi ta ɓoye, ta ce ɗinkin hannun uwa ba abin zubarwa ba ne. Na mayar da shi. Karcen gilashin ne kawai ba ni da yadda zan dawo da shi.

Sai dai akwai wata matsala. Da na cire tsohon batir, agogon ya manta duk abin da Baba ya faɗa masa, har da lokacin ƙararrawa. Na sa ta a kan sa'ar da na tuna jiniyar masaƙa tana busawa. Ina roƙon Allah ya sa na dace.

Ki yafe wa yayanki, ki kuma roƙa masa gafarar Inna ko da ba za ta gane dalili ba.

Naki cikin nadama,
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Ka gode wa Anti a madadina.

Rabi ya gyaru. Da Inna ta ga maɗaurin ta shafa ɗinkin da yatsa, ta ce, "Wannan zaren ya yi ƙarko." Da kanta ta ce in rataye shi. Na ji sanyi a raina.

Da yamma ya yi kuka. Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗaki ta ce, "Wa ya bar tsuntsu ya shigo?" Ta ci gaba da zamanta.

Ba lokacin ba ne. Ka manta agogon Baba bai taɓa tafiya daidai da na kowa ba? Shi ya tura shi gaba don kada motar ma'aikata ta bar shi, sannan shekara da shekaru ba wanda ya saita shi, yana ta gudunsa. Abin da fuskarsa ke nunawa daban, abin da agogon bango ke nunawa daban. Inna ba lamba take bi ba, jikinta ne ya riƙe lokacin. Na gwada matsar da ƙararrawar baya, na gwada gaba. Sau ɗaya ake gwadawa a yini, in an kuskure sai gobe, ita kuwa kullum ƙara ramewa take. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa, na cire na ajiye.

Na lura wani lokaci takan juya ta kalli ƙusar kamar mai sauraro, amma ban taɓa kama daidai lokacin ba. Ina da kayan makarantar yara jibge a shago, iyaye suna tsaye a kaina. In na zauna gadinta, me za mu ci? In na koma keke, wa zai gani?

Bari in faɗa maka gaskiya, ka ji haushi in ka ga dama. Kai kana zuwa ne kamar baƙo, da tsaraba da baitoci, ka kwana biyu ka ga abin da ya karkace ka gyara ka tafi. Gidan nan da karkatattun abubuwa yake tsaye, Yaya. Kujerar da ka ce a jefar, da ita take dafawa ta tashi. Ban ce ba ka son ta ba. Na san kana son ta, har ya yi maka yawa ka rasa inda za ka sa shi sai a jikin agogo.

Likita ya ba mu zuwa ƙarshen mako.

Auta

*

Ƙanwata,

Salama da godiya. Ban ji haushi ba. Na karanta takardarki da jan biro a hannu bisa sabo, ban samu abin gyarawa ba. Na ɗauki hutu. Direba zai kawo wannan da safe, ni ina bayansa a motar rana. Ki koma kan kekenki. Abin da ake bukata mutum ne da zai zauna ya zuba ido, kuma duk aikina a duniya zuba ido ne a kan abin da wasu suka wuce. Ki shimfiɗa mini tabarma a ɗakin Inna.

Yayanki

*

Zuwa ga uwar 'ya'yana, fitilar gidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya san bashin alherin da ke kansa, ina gaida yara. Na iso lafiya. Kin ce in sanar da ke halin da ake ciki ba tare da ado ba. Zan yi ƙoƙari, amma kin san wanda kika aura.

Na tarar da Inna ta zama kamar zanen da aka wanke ya shige. Tana zaune bakin gado, hankici a cinyarta, tana ninke shi tana warwarewa. Na sauko da agogon na kashe ƙararrawarsa, na riƙe shi a tafin hannu, na zauna ina fuskantarta, da niyyar in ga lokacin da za ta juya wajen ƙusar.

Ranar farko na ɓata ta da bakina. Shirun ya yi mini nauyi, na shiga ba ta labarin yara, daga nan na zarce da wasu baitoci da na yi a mota. Can sai ta ɗaga hannu ta ce, "Kai, bawan Allah, rufe rediyon nan, ba na jin komai." Kafin in farga lokacin ya wuce, ta kwanta ta juya mini baya. Auta ta leƙo daga shago, almakashi a hannu, ta ce, "Yaya, in ɗinke maka bakin ne? Zare yana nan."

Washegari na yi shiru. Ban san rabon da in yi shiru irin wannan ba. Na ji keken Auta yana tafiya yana tsayawa, na ji famfon tsakar gida yana ɗiga, na ga hasken taga yana rarrafe a kan siminti har ya hau ƙafar gado. Na ga hannuwan mahaifiyata da kyau, abin da na daɗe ban yi ba: tabon ƙunar da ke babban yatsanta, wanda ta samu tana dafa mini ruwan wanka ina ƙarami, yana nan. Tana ninkewa, tana warwarewa. Sai kawai hannuwan suka tsaya. Ta karkata kai wajen ƙusar da babu komai a kanta, leɓenta a ɗan buɗe, kamar wadda aka kira daga nesa. Ta daɗe a haka, sannan kafaɗunta suka sauka. Na dubi agogon. Lokacin ya yi nisa da sa'ar da na zata, nisan da ba za mu taɓa cin karo da shi da lalube ba. Na ƙara kwana na sake dubawa don in tabbata. Ba ta kuskure ba.

Jiya na saita ƙararrawar na rataye shi. Auta ta bar keke ta tsaya a bakin ƙofa. Hannun Inna ya tsaya, kanta ya karkata, kuma kafin kafaɗunta su sauka agogon ya amsa mata.

Ta dafa tsohuwar kujerar nan ta miƙe. Ta tsaya tana jiran sauran. Auta ta harare ni, na gane. Na ce, "Shugaba, an tashi aiki."

Ta juyo ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. Na ɗauka za ta ɗauke ni a matsayin Baba, har na fara tunanin yadda zan yi. Sai ta ce, "Kai ne babban nan nawa mai surutu. Babanku ba da muryar masu karanta labarai yake faɗa ba. Tashi ka wanke hannu."

Ta jera kofi biyu. Na kai hannu kan ɗaya, ta buge mini yatsu, ta ce, "Wannan da mai shi. Auta, kawo wa yayanki nasa." Ta ci shinkafa, ba da yawa ba, amma ta ci, ta haɗiye maganinta ba gardama. Auta ta koma shago da sauri, sai dai na daɗe ban ji keken ya tashi ba.

Fitila mai ruwan zuma ita kaɗai ta tsira daga cikin adona. Na danna mata ta gani ina fargaba, ta ce, "Ashe an ba shi fitila mai kyau." Na bar ta.

Baitin da na yi niyyar zanawa a murfin baya na fasa. Da safiyar nan na ari allurar Auta na karce lokacin ƙararrawar a wurin, ta waje, don kada in sake buɗe shi. Duk wanda zai sa batir nan gaba zai gani. Shi ne rubutu mafi gajarta da na taɓa yi, kuma Auta ta tsaya a kaina har na gama.

Zan ƙara 'yan kwanaki. Ki saya wa kanki sabuwar rariya.

Mijinki mai godiya

*

Yaya,

Fatan ka isa lafiya. A gaida Anti.

Likita ya zo ya ce a bar ta a gida. Na mayar mata da zobenta.

Da za ka tafi ka ce in gwada baiti ko sau ɗaya a rayuwata. Ga shi: Inna ta ci, ta nemi ƙari. Ba shi da amsa-amo, kada ka gyara.

Kofi uku take jerawa yanzu. Na Baba ba ta tambayar mai shi, ta san inda yake. Na ukun ne kullum sai ta ce, "Ina mai surutun nan? Shi ma ya yi latti?" Na ce mata kana zuwa ƙarshen wata, saboda haka kada ka mai da ni maƙaryaciya.

Ka bar sukudireba a gida.

Auta